Injiniya da Filayar Matse Waya

Maigidana ba injiniya ba ne. Gara in faɗa muku tun da wuri, don in kun haɗu da shi a hanya ba zai ba ku damar tambaya ba. Abin da ya taɓa haɗa shi da mota shi ne, kafin mu yi aure ya yi gadin ƙofa a wani babban garejin gyaran motoci. Mota ta zo ya ɗaga ƙarfe, mota ta wuce ya sauke ƙarfe. Shi ke nan fa aikin. Amma tun daga lokacin, ko tayar keke aka ambata sai ya gyara zama, ya shafa ɗan gemunsa ya ce, "Lokacin da muke kamfani..." Mai askin bakin layinmu ne ya laƙaba masa Injiniya don tsokana, shi kuwa ya karɓe hannu bibbiyu, har in ba da shi aka kira shi ba, ba ya waiwayowa. Ɗan firit ne, ba tsawo ba jiki, amma muryarsa ta ishi mutum uku. Sana'arsa ta gaskiya sayar da ƙwan lantarki da batir a wani ɗan shago.

Ni kuwa a makarantar ƙananan yara nake aiki, ina kula da su. Direban motar makarantar ya tsufa, idonsa ya fara ba shi matsala. Sai shugabar makarantar ta kira ni ta ce ta ji ina koyon tuƙi, in na kawo lasin kafin a dawo hutu, ni za ta ba motar yaran. In ban kawo ba, akwai mai jira. Wallahi ina son aikin nan kamar raina. Na yi wata da watanni ina koyo da tsohuwar motar da yayana ya bar mini, har aka sa mini ranar gwaji. Ƙa'idarsu kowa da motarsa yake zuwa, wanda kuma ya rasa ranarsa sai bayan hutu.

Ana saura 'yan kwanaki, na murɗa makulli da safe, mota ta yi ta gurnani ta ƙi tashi. Na leƙa wajen ƙafar mai zaman gaba, inda ɗan akwatin ƙarfen nan yake da ake ce wa ƙwaƙwalwar mota, sai ga kashin ɓera. Tsinannen ya ci waya biyu, dab da bakin soket ɗin da ke shiga ƙwaƙwalwar. Biyu kacal, sauran lafiyarsu ƙalau.

"Bari in kira mai wayarin," na ce.

Maigida na kuskure baki a tsakar gida. Ya furzar da ruwan ya juyo. "Ki kira wa? A gidan nan? Ina raye?"

"Maigida, gwajina fa."

"Ai saboda gwajin naki ne ba zan bar wani ɗan koyo ya taɓa ta ba. Direba, kin san ƙwaƙwalwar mota nawa na gani da idona lokacin da muke kamfani?"

"Ta tagar ɗakin gadi?"

Bai ji ba. Mutumin nan kunnensa zaɓe yake yi.

Ya durƙusa a ƙofar motar ya zare soket ɗin, ya ɗaga shi sama yana yi mini karatu. Wai kowace waya akwai ɗan ƙarfe a bakinta, siriri kamar tsinken ashana, ana ce masa fil. Fil ɗin yana da 'yan fukafukai, ana sa waya a tsakiya a matse fukafukan su rungume ta, sannan a tura shi cikin raminsa a soket. Wai duk sirrin aikin wayarin yana wajen matsewar nan, kuma matsewa filaya ce ke yin ta. Wannan kam gaskiya ya faɗa. Daga nan kuma gaskiyar tasa ta ƙare.

"Amma akwai matsala," ya ce. "In na sa sababbin fil biyu na bar sauran tsofaffi, ƙwaƙwalwar za ta rikice. Sabo ya fi tsoho saurin kai saƙo. Miƙo mini almakashi."

Ni ina zaton bakin wayar da ɓera ya ci zai daidaita. Ƙaras! Ya datse damin wayoyin gaba ɗaya, soket ya faɗo a hannunsa.

"Innalillahi! Maigida, me ka yi?"

"Aiki na fara. Ɗauko mayafinki mu je mu zaɓo filaya."

Na bi shi ne don kada ya dawo da gatari.

Mai shagon kayan aiki wani mai sanƙo ne, baki kamar zuma, irin wanda zai sayar maka da takalmi ƙafa ɗaya ka fita kana godiya. Ya karɓi soket ɗin ya juya shi, ya ɗauko mana ƙullin sababbin fil, sannan ya zaro wata 'yar filaya ya ajiye a kan teburi. Ƙarama ce, bakinta da 'yan ramuka manya da ƙanana. Ya nuna mana yadda ramin yake lanƙwasa fukafukan fil su juya ciki su ciji wayar.

"Ga ta aikinku, ranka ya daɗe."

Maigida ya ɗora ta a tafin hannu, ya rufe ido, ya ɗaga sama ya sauke, kamar mai auna nama. Ya buɗe ido ya yi dariya. "Wannan ta cire gashin hanci ce?"

"Ta fil ɗin mota ce."

"Malam, ni kayan aiki da nauyi nake gane shi. Lokacin da muke kamfani, abin da bai sa ka nishi wajen ɗauka ba, ba ma shigar da shi sito. Fito da na manya."

Mai shago ya yi ta fitowa da su, maigida na aunawa ido a rufe yana girgiza kai. Can ya hango wata a jingine a lungu, hannuwanta sun kai tsawon ƙafata. Ya je ya cicciɓe ta, ya yi taga-taga, fuskarsa ta washe.

"Yauwa! Ga filaya."

"Ranka ya daɗe, wannan ta wayar da ta kai kaurin babban yatsa ce. Ta masu aikin manyan injinan wuta."

"To wadda ta iya babba, ƙarama ce za ta gagare ta?"

Mai shago ya dube ni, ya dubi filayar da na tabbata ta shekara a lungun nan ba mai tayawa. Na ga lokacin da tausayina ya fita daga idonsa. "Gaskiya ne, Injiniya. Mu namu sayarwa ne, ku ne masu ilimin."

A kafaɗa ya saɓo ta har gida, kuma bai bi ta gajeriyar hanya ba. Kafin mu iso ƙofa, mai aski ya bar shagonsa ya fito da benci, tela maƙwabcinmu ya fito da tef a wuya ya zauna kusa da shi.

"Injiniya, gada za a gina?" in ji mai aski.

"Zauna ka ga aiki. Ba kullum ake samun wannan kyauta ba."

Ya feƙe bakin waya, ya sa ta a fil, ya zura fil ɗin a ramin filaya. Ya kafa hannu ɗaya na filayar a ƙasa, ya kama ɗayan ya danna. Ko gezau. Ya ƙara dannawa. Ya yi tsalle ya rataye a jiki, ƙafafunsa na lilo, filaya ba ta ma san da mutum a kanta ba.

"A ƙara masa dutse a aljihu," in ji tela.

Mai aski ya taso ya taya shi. Suka danna tare, bakin filaya ya rufe ruf, sai fil ya zame ta cikin ramin ya faɗo ƙasa yadda aka sa shi, ko ƙwarzane babu. Ramin ya fi shi girma nesa ba kusa ba.

"Gwaji ne wannan," maigida ya ce. "Ana fara ɗumama ta."

Karo na biyu ya ƙi ramin, ya ɗora fil ɗin a gefen bakin inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe. Ƙas! Da suka buɗe, fil ya zama kamar ɓawon albasa, wayar kuma ta tsinke. Tela ya ɗaga shi a rana ya ce yana hango ni ta ciki. Na uku ya yi tsalle ya tashi sama, har yau ba a gan shi ba. Na huɗu ne hannun filayar ya suɓuce daga ƙasa, ta juya ta sauka a kan babban yatsan ƙafar maigida. Ya yi wata ƙara da ta sa kajin maƙwabta suka watse, ya zagaye motar da ƙafa ɗaya.

"Sannu, Injiniya," in ji mai aski. "Ashe tana kamawa."

"Ƙarfen yanzu ne ba shi da ƙwari," maigida ya ce yana riƙe da ƙafa. "Filayar ta fi ƙarfin zamanin nan."

Ni dariya ba ta zo mini ba. Rabin fil sun tafi, wayoyin sai ƙara gajarta suke yi, kwana kuma na tafiya. Na ce masa don Allah don Annabi mu koma mu karɓo 'yar ƙaramar nan. Ya ce komawa kam za mu koma.

Washegari mai shago na ganinmu, ɗaya na ɗingishi ɗaya na kumbure-kumbure, ya turo mana 'yar filayar jiya. Na ga maigida ya kalle ta, na ga ya gane. Amma abin da ya ce ta cire gashin hanci ce a gaban mutane, ya dawo ya ɗauka? Ai gara ya mutu.

"Jiya na yi la'akari da nauyi kaɗai," ya ce. "Na manta da murya. Filayar kirki magana take yi."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana matsawa a kusa da kunne. Ya kai kan wata mai ɗigon ja da shuɗi da rawaya a baki, yana matsawa ta ce ƙar-ƙar-ƙar-ƙar. Ya lumshe ido.

"Direba, kin ji? Wannan ta yi makaranta."

"Wannan ta kan waya mai rigar roba ce, irin ta gida," in ji mai shago. "Raminta zagaye ne, ba ta lanƙwasa fukafuki. Kuma a kula, in ta fara kamawa ba ta saki sai an matse ta ta kai ƙarshe."

"Ni za ka gaya wa?"

"Wane ni, Injiniya."

Ina juya baya in ɗauko ƙaramar da kaina, maigida ya ce in na taɓa ta ya cire hannunsa daga aikin, in je in nemo wanda zai haɗa mini wayoyin da shi kaɗai ya san kansu. Na tsaya na auna. Mai wayarin unguwarmu na riga na aika masa a ɓoye, aka ce ya yi tafiya. Na ajiye ta ina ji ina gani.

Da muka dawo bencin ya cika, har da waɗanda ban sani ba. Maigida ya zauna a bakin ƙofar mota, ya ce kowa ya yi shiru. Fil ɗin ƙanƙane ne, idonsa kuma ba wani ƙarfi gare shi ba, sai ya kawo filayar dab da fuskarsa, ya kama wayar da haƙori don kada ta motsa. Ƙar-ƙar-ƙar. Sai muka ga ya tsaya cak. Ya ɗago kai a hankali, filaya ta biyo shi tana reto a haɓarsa. Ta haɗa da gemun, gashin ya shige har cikin haƙoranta.

"Buɗe ta mana," in ji tela.

"Ta ƙi," ya ce ta gefen baki.

"Ai mai shago ya ce sai ta kai ƙarshe take saki," na ce. "Ka ce ka sani."

Ya harare ni, ya ƙara matsawa. Ƙar. Hawaye ya zubo masa. Wani ya ce a zuba man gyaɗa, wani ya ce a ja da ƙarfi sau ɗaya a huta, tela ya ce a bar ta kawai, ta yi masa kyau. Mai aski kuwa ya tashi ya shiga shagonsa, ya fito yana wasa aska, fuskarsa cike da annuri.

"Shekara da shekaru nake roƙon Allah ya kawo mini gemun nan," ya ce. "Ɗago haɓa, Injiniya."

Ya yanke inda filayar ta kama, sai gefe ɗaya ya fi ɗaya. Ya rage wancan, sai wannan ya fi. Kafin a ankara haɓar maigida ta fito fes, yadda ban taɓa ganinta ba tun da na san shi. Ya kai hannu zai shafa, ya ce, "Lokacin da muke..." sai hannun ya kama iska. Ya fasa maganar.

Duk da haka bai saduda ba. Ya zauna ya matse fil ɗin nan kaf. Allah ya taimake ni, da ya datse ya bar guntayen wayoyi masu launi a jikin soket, sai na tsaya a kansa ina haɗa ja da ja, kore da kore, tunda dama abin da muke koya wa yara ke nan a makaranta. Da ya gama na kama waya ɗaya na ɗan ja ta. Sulluɓ, ta fito daga cikin fil ɗinta.

Ya doke hannuna. "Waya ake ja? A cikin mota wa zai ja ta?"

"Gargada."

"Gargada ba ta da hannu."

Ya mai da ita, ya tura soket, ya ce in murɗa makulli. Na yi bisimilla na murɗa. Mota ta tashi! Wallahi ta tashi. Bencin ya kaure da tafi, maigida ya hau kan dakali yana ɗaga filaya sama, yana cewa duk mai matsalar ƙwaƙwalwa ya zo ya yi layi. Mai aski ya ce shi dai yana ganin mai matsalar ƙwaƙwalwa ɗaya ne a layin nan. Na ce bari in ɗan zagaya da ita in gani, tunda gobe ne gwajin. Maigida ya zare makullin ya sa a aljihu, wai ƙwaƙwalwa ta sha aiki, a bar ta ta huta.

Da safe ya ce zai raka ni, don masu gwajin su san motar ba marainiya ba ce. Muka fito lafiya. A ƙarshen layinmu akwai wani rami da kowa ya sani. Tayar gaba na faɗawa, mota ta mutu murus.

Ya sunkuya ya tura wayoyin da yatsa, na murɗa ta tashi. Ya saki, muka taka wani ɗan dutse, ta sake mutuwa. Na dube shi. Sai ya tura kujerar baya iyakarta, ya sauka ya dunƙule a wajen ƙafa, ya kama damin wayoyin da hannu biyu ya danne su a cikin soket.

"Tuƙa. In mun isa zan naɗe su da salatif, aikin minti ɗaya ne."

Haka muka wuce ta gaban shagon mai aski. Ya leƙo ta taga ya ce, "Maman yara, ina kika baro Injiniya?" Murya ta fito daga ƙasa ta ce, "Ina duba aiki!"

Filin gwajin babba ne, da sanduna a jere da wani gangare a can ƙarshe, masu jiran layi sun cika rumfa. Ashe mutuwar da motar ta yi ta yi a hanya ta cinye mana lokaci. Ina tsayawa a kan farin layin da ake farawa, na ji ana kiran lambata, ga mai gwaji ya nufo mu. Wani gajere ne mai tumbi, da takarda a hannu, fuska ba wasa.

"Maigida, fito! Ga shi nan!"

"In na saki ta mutu. In ta mutu a gabansa kin faɗi."

Kafin in ce wani abu ya jawo tsohon bargon da nake rufe kujera da shi saboda rana, ya lulluɓe kansa. Mai gwaji ya buɗe ƙofa ya shigo ya zauna, ƙafafunsa suka sauka a kan tulin.

"Malama, mene ne wannan?"

"Kayan gyara ne, ranka ya daɗe."

Ya danna da diddige, ya ƙara dannawa. "Madalla. Yawancin motoci ƙafata ba ta kai ƙasa." Ya tuɓe takalmansa ya miƙe ƙafa sosai. "Mu je."

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Tsoro ya sa na zama ƙwararriya. Na bi tsakanin sanduna ban taɓa ko ɗaya ba, na yi baya na shiga inda aka ce in shiga, na yi kwana kamar ina ɗauke da ƙwai a cinya. Duk abin da na yi daidai sai mai gwaji ya ce "yauwa," ya buga diddige a kan bargo don jin daɗi. Bargon bai ce komai ba. A raina na ce ashe mutumin nan ya iya shiru, shekarun nan duk ban sani ba.

Muka sauka gangaren, ya ce in juya in tsaya in sake tashi. Na yi. Ya rubuta wani abu. Sai injin ya ɗan yi tari, ina jin hannun maigida ne ya fara gajiya. Mai gwaji ya karkata kunne.

"Wa ke duba miki motar nan, Malama?"

"Maigidana ne."

"Bakanike ne?"

"Injiniya ake ce masa."

Na ga bargon ya ɗan kumbura.

"Hmm," in ji mai gwaji. "Kada ki ji haushi, tuƙinki ba laifi. Amma ji yadda take shaƙewa. Duk wanda ya taɓa miki wayarin motar nan ɗan koyo ne. Irinsu sun cika gari, filayar kirki ma ba su iya zaɓa ba."

Na rufe ido, don na san abin da zai biyo baya.

"Ɗan koyo?" Muryar ta fito daga ƙarƙashin ƙafarsa kamar daga rijiya. "Wa? Ni?"

Bargo ya yaye, wata fuska marar gemu jiƙe da gumi ta fito tsakanin gwiwoyin mai gwaji, hannu ɗaya na nuna shi da yatsa, ɗayan ya taho da damin wayoyin gaba ɗaya. Mota ta mutu. Mai gwaji ya ƙwalla salati, ya banke ƙofa ya fita ba takalmi, ya yi gudun da ban zaci tumbin nan zai yarda ba. Mutanen rumfa suka taso a guje, sauran masu gwajin ma suka bar motocinsu suka zo.

Maigida ya rarrafo ya fito da bargo a kafaɗa, da shatin diddige a bayan rigarsa, yana ɗingishi. "Malam, dawo mu yi magana ta ilimi! Ka taɓa shiga kamfani?"

Filin nan ya ɗauki dariya, har wata mata ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Ni kuwa na kifa kaina a kan sitiyari. A zuci na ga motar yaran nan tana tafiya da wani direba a ciki, na ga kaina ina gaya wa shugaba abin da ya faru. Kuka ya zo mini, na ƙyale shi ya zo.

Mai gwaji ya dawo yana haki, ya sa takalmansa, ya daɗe yana kallon maigida daga sama har ƙasa. Sannan ya leƙo ya dube ni.

"Malama, share hawayenki. Duk abin da ake nema kin yi, saura abu ɗaya. Gwaji ba ya ƙarewa sai mota ta koma kan farin layin da ta tashi, direba na riƙe da sitiyari, ni ina zaune a ciki." Ya shigo ya zauna ya rufe ƙofa, ya ɗaura bel a kan tumbinsa. "Ba a rubuta mini abin da zai kai ta ba. Injiniya, bisimilla."

Maigida ya dubi wayoyin da ke hannunsa, ya dubi gangaren, ya dubi farin layin can sama. Wasu samari suka matso za su taya shi, mai gwaji ya ɗaga hannu ya ce wanda ya taɓa motar nan ya faɗi nasa gwajin tun kafin ya fara.

Na zaci zai yi musu. Ina kallonsa ta madubi, sai na ga ya kalli bayan kaina, ya zubar da wayoyin, ya tuɓe takalmi, ya kafa kafaɗarsa a jikin but ɗin bayan motar. Da farko motar baya ta so yi. Ya yi nishi ya tokare, ta tsaya, ta fara motsi kaɗan-kaɗan. Ga rana, ga yatsa a kumbure, ga mai gwaji da nauyinsa yana cewa, "Malama, rage gudu, kin cika sauri." Mutane na biye da mu suna ihu. Ni dai madubin nake kallo. Jijiyoyin wuyansa duk sun tashi, ƙafarsa na zamewa yana sake kafawa, bakinsa a rufe. Haushin da nake ji ya narke, tausayinsa ya kama ni har cikin raina. Wawan mijina ne, amma ko sau ɗaya bai sassauta ba.

Tayar gaba ta hau farin layi. Na ja birkin hannu. Mai gwaji ya sa hannu a takardarsa ya miƙo mini.

"Kin ci, Malama. Shi kuma kada in sake ganinsa a filin nan, ko a sama ko a ƙasa."

Na fito da gudu na zagaya baya. Maigida na zaune a ƙasa ya jingina da taya, ƙirjinsa na sama da ƙasa.

"Direba," ya ce da ƙyar, "kin ci?"

"Na ci, Maigida."

Ya lumshe ido ya gyaɗa kai. Na ba shi ruwa, na jiƙa gefen mayafina na goge masa fuska. Ya sha, ya ƙara sha, numfashinsa ya dawo. Ya buɗe ido ya ga jama'a sun kewaye shi. Sai na ga ya gyara zama.

"Ku matso ku ƙaru," ya ce. "Matsalar ba daga aikin take ba. Filayar da ake kawowa ƙasar nan ce duk ba ta da inganci. Ni yanzu tawa zan ƙera da kaina, mai nauyi kuma mai murya. Motar makarantar da za a ba ta ma, ni zan fara duba mata wayarin..."

Na karɓe gorar ruwan daga hannunsa. Na shiga mota na zauna, na ɗaura bel, na gyara madubi, na sauke birkin hannu. Sannan na leƙo ta taga.

"Injiniya," na ce, "gida da nisa. Fara turawa."